Jaririn da Na Ɗauka a Bikin Bungudu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Bungudu ba, ranar bikin ƙanwar mijina, lokacin ɗana na fari yana da wata biyu a duniya. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Amma kafin in kai ku can, bari in faɗa muku irin matar da nake a lokacin.

Ni malamar firamare ce a Gusau, kuma da na samu ciki sai na ɗauki haihuwa tamkar jarrabawa. Na sayi littafi ina rubuta duk abin da aka faɗa mana a wurin awo, abin da ban ji a can ba in nemo shi a waya. Jakar asibiti kuwa tun cikin yana wata biyar na haɗa ta (na zazzage na sake haɗawa ya fi sau goma). Mama ma tana Tsafe tana nata shirin, don a wurinta zan yi wankan jego. Ta sayi ƙatuwar tukunya, ta daka yaji, ta sa aka jibge mata itace a bayan ɗaki. In na kira ta ina karanto mata abin da na rubuta, sai ta yi dariya ta ce, "To Malama, ke dai ki sauka lafiya, sauran ki bar mini."

Cikin yana wata bakwai Mama ta faɗi a tsakar gida tana alwalar la'asar. Hawan jini ne. Kafin mu iso daga Gusau rai ya yi halinsa. Itacen da ta tara don wankana, da shi aka dafa wa masu zuwa ta'aziyya abinci, ina zaune ina kallo ana ɗiba har ya ƙare.

Na haihu bayan wahalar yini biyu, namiji. Aka sa masa sunan surukina, muke kiran sa Abba. Inna, uwar mijina, ta ce in taho Bungudu ta yi mini wanka. Na ƙi. Sai ita ta haɗo kayanta ta zo Gusau. Baiwar Allah ba ta yi mini laifin komai ba, laifinta kawai ba Mama ba ce. In ta ce ga yadda ake riƙe yaro, in ce ba haka likita ya ce ba. In ta dama kunun kanwa, in ce na karanta yana da illa. Sati biyu ta yi, ta ce za ta koma ta duba awakinta. Na san ba awaki ba ne, amma ban ce ta zauna ba.

Abin da na ɓoye wa kowa shi ne Abba ya ƙi nono. Zai kama ya saki, ya banƙare, ya yi ta tsala kuka har fuskarsa ta yi ja. Sai in rufe ƙofa in haɗa masa madarar gwangwani a fida, ina ba shi ina hawaye. Barci ya ƙaurace mini. Wani lokaci in zuba masa ido ina jiran in ji wannan son da ake cewa uwa na ji, ba abin da nake ji sai tsoro da gajiya. In mutane suka tambaya kuwa, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Ko babansa ban bari ya gane ba.

A haka muka je bikin. Na ci ado, na ɗaura ɗankwali kamar wadda ba ta da damuwa. Ɗakin Inna aka ware wa masu goyo, katifa guda jarirai huɗu ko biyar a jere. Na kwantar da Abba daga gefen bango cikin farin shawul ɗinsa, na fito tsakar gida cikin mata. Har da zama na yi kusa da wata mai tsohon ciki ina ba ta shawarwari (ni da ko nawa ban iya da shi ba). Na ce mata, "Kada ki damu, da kin haihu komai zai zo miki. Uwa ko idonta a rufe ta san kukan ɗanta." Mata da yawa sun ji ni, don ba a hankali na faɗa ba.

Bayan azahar na jiyo kuka daga ɗakin. Na shiga, an saki labule, ɗakin da ɗan duhu. Ga farin shawul a gefen bango yana motsi. Na sunkuce shi na sa cikin hijabi, na zagaya bayan ɗakin girki inda ba kowa, don kada a ga yadda muke kokawa. Na zauna a kan turmi na ba shi nono, ina jiran ya banƙare.

Bai banƙare ba. Ya kama, ya yi ta sha a natse, har ina jin haɗiyarsa. Ɗan hannunsa ya dafe mini ƙirji. Ban ɗaga hijabin ba don tsoron kada in katse shi. Na jingina da bango na rufe ido, hawaye na zuba, ina cewa a raina, Mama, kin gani, yau dai ya karɓe ni. Tun da na haihu ban ji sanyi a zuciyata irin na wannan zaman ba.

Ina jin hayaniya a tsakar gida, na ɗauka ta biki ce. Sai da na ji kuka da salati na taso. Saratu ce, 'yar ƙanin Inna da ke aure a Bilbis, take birgima a ƙasa ba ɗankwali, wai an ɗauke mata jaririya. A wannan zamani da muke ciki kun san abin da zuciya ke kawowa in an ce yaro ya ɓace. An rufe ƙofar gida, maza sun bazu kan hanya, amarya ta fito da lallenta tana kuka. Ni kuwa na tsaya rungume da abina a hijabi, har na buɗe baki na ce, "Allah sarki. Amma ai ba a barin jariri a tafi hira."

Ina rufe baki Inna ta shigo daga maƙwabta, da goyo a bayanta. Ta ce, "Mi ya faru? Ni dai na ɗauki maigidana na kai shi su Hajiya su gani." Ta juya. Abba ne, yana barcinsa. Ashe da ta ɗauke shi ne Saratu ta kwantar da tata a wurin, cikin shawul irin namu.

Na ɗaga hijabi a hankali. 'Yan kunne na fara gani, ƙanana, sai kwalli. Yarinyar ta ƙoshi, nono har gefen baki.

Saratu ta fizge 'yarta tana dudduba ta, ko kallona ba ta yi ba. Wata daga baya ta ce, "Ashe idon a rufe yake." Wata tsohuwa ta matso ta tambaye ni, "Ta sha?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "To shi ke nan, sun zama wa da ƙanwa. A shaida, babu aure tsakaninsu." Nan aka tuntsire da dariya, irin ta mutanen da suka gama tsorata.

Inna ce ta kama hannuna ta ja ni ɗaki, ta sallami kowa ta rufe ƙofa. Na zata faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ɗiyata, yaushe rabonki da barci?"

Na durƙushe na fashe da kukan da ban yi ba ko ranar da aka fita da Mama. Na ce, "Inna, 'yar mutane ta sha, nawa ya ƙi ni. Wata biyu ke nan madara nake ba shi a ɓoye."

Ta ce, "Na sani, na ga gwangwanin bayan gado. Na yi shiru ne don kada ki ce na sa miki ido." Ta kwance goyon ta zauna kusa da ni. "Wanga yaro bai ƙi ki ba. Ke ce kike riƙe shi jikinki duk a ɗaure. Lokacin aurenku, mahaifiyarki ta ja ni gefe ta ce ke ba ki iya cewa kin gaji ba, in lura da ke. Ban cika mata ba da na tafi na bar ki."

Ban koma Gusau ba sai bayan sati uku. Inna na dafa mini ruwa safe da yamma, in sha kunu in kwanta, ita ta goya Abba. Bai kama nono rana ɗaya ba, sai da muka sha fama, kuma har aka yaye shi ana haɗa masa da madara. Saratu ta huce bayan na je har Bilbis na ba ta haƙuri, ko da yake har yau in muka haɗu a taro tana jan 'yarta kusa da ita.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka gaji ka faɗa tun a ɗaki, kafin a ji a tsakar gida. Kuma duk jaririn da aka miƙo mini yanzu, ko an rantse nawa ne, sai na leƙa kunnensa tukuna.