Muryar da Na Kulle a Ɗaki

Ko zan manta da komai na zamana a Libreville, ban ga ranar da zan manta da Juma'ar da dattawan masallacinmu suka tsaya a ƙofar ɗakina suna jiran in buɗe musu kwaɗo ba. Ni da nake tuƙa taksi tsakanin Lalala da Owendo ina yi wa fasinja wa'azi kyauta, ran nan bakina mutuwa ya yi murus.

Abin ya faro ne daga matata Rabi, Allah ya jiƙanta. A nan Gabon aka haife ta, a nan ta yi boko, kuma tana da wani irin tausayi da ban taɓa gane kansa ba. Wata rana ana tafka ruwa ta dawo daga kasuwa da kwikwiyo a cikin kwali, wai a kwata ta tsince shi. Na yi tsalle na dire. Na ce kare a gidana, ni da ba na rasa sahun gaba? Ta ce a bayan ɗaki zai zauna, ta raɗa masa suna Biju. (Ni dai "wannan abin" nake ce masa.) Kullum ina cewa gobe zan je in yar da shi, kullum tana dariya tana cewa Allah ya kai mu.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Da ƙafarta ta shiga asibiti, ni kaɗai na dawo gida.

Da aka share makoki kowa ya kama gabansa, aka bar ni da ɗaki da kwikwiyo. A masallaci aka tambaye ni yadda na yi da karen, na ce ai tuni na bayar da shi. Ƙarya nake yi. Na ɗauke shi har na kai bakin titi, sai ya cusa kai a hammatata yadda yake yi mata, na juyo da abina. Kuma tunda na riga na ce na bayar, dole na mai da shi cikin ɗaki don kada wani ya gan shi.

In ina nan, ko tari ba ya yi. Amma da na datse kwaɗo sai ya fara: haushi, kuka, yaƙushin ƙofa, tun safe har in dawo. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, rufin kwano ɗaya, in ka yi atishawa maƙwabci zai ce maka sannu. Mai gidan, wata dattijuwa 'yar Gabon da muke kira Maman, ta tare ni a bakin famfo.

"Mon fils, ɗana, na san zuciyarka da ciwo," ta ce, "amma mutane suna da jarirai. Ko ya yi shiru, ko ka fitar da shi, ko ku fita tare."

Babu abin da ban gwada ba. Na bar masa ƙashi, ya cinye ya ci gaba. Na kunna masa rediyo, sai ya koma amsa wa masu karanta labarai. Na shimfiɗa masa zanin Rabi, ya ɗan lafa, kafin azahar kukan ya dawo. Har taksi na tafi da shi a ƙarƙashin kujera, ya yi wa wata mata amai a jaka, na sha zagi da yaren da ban ma sani ba.

Maganin da kansa ya zo. Ina da wata al'ada da ban gaya wa kowa ba: kowace safiya kafin in fita sai na zauna a bakin gado na saurari tsofaffin saƙonnin muryar da Rabi ta turo mini, wayar a manne da kunnena. Ran nan na bar muryar ta fito fili. Biju ya miƙe tsaye, kunnuwa a sama, ya zo yana sansanar wayar, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya leƙa bayan labule. Da bai gan ta ba sai ya kwanta a kan zanin ya ɗora haɓa a ƙasa. Ni ma sai da na share ido.

Nan dabara ta faɗo mini, irin dabarar da mai ita yake ganin ya fi kowa wayo. Na kai tsohuwar wayata wurin mai gyara, ya haɗa mini saƙonnin gaba ɗaya su riƙa juyawa da kansu, na sayi 'yar sifika. In zan fita sai in kunna, in ƙure murya don ta danne ƙarar fanka, in kulle. Haushi ya ɗauke ɗif. Maman har ayaba ta aiko mini.

Abin da ban lissafa ba shi ne baƙo. Wani Iliya, mai shago kusa da masallaci, ya zo yi mini gaisuwa da rana. Ya tarar da kwaɗo a waje, ya ji mace a ciki tana dariya tana cewa, "Sheri, masoyina, kada ka tsaya surutu a tasha, ina jiranka." Bai san muryar Rabi ba. Ko arba'in ba a yi ba a lokacin. Ya juya ya kai labari masallaci. (Ban ga laifinsa ba. Da ni ne na ji, da kafin la'asar labarin ya kai Maraɗi.)

Ni dai na ga ana amsa mini gaisuwa sama-sama, na ɗauka tausayina ake ji. Sai ranar Juma'a bayan an sallame, liman ya ce in kai su ɗakina akwai magana. Su huɗu ne, har da Iliya da surukina, mahaifin Rabi, wanda yake sayar da katako a unguwar PK8. Tun daga masallaci bai dube ni ba.

Muna shiga tsakar gida na ji ta. Murya tana fitowa ta ƙasan ƙofa, ba a jin kalmomin sosai, amma kowa ya san mace ce. Maƙwabta suka firfito.

"Malam, buɗe," liman ya ce a hankali. "Gara mu gani da idonmu da mu yi ta zato."

Sai a lokacin na gane abin da ake zargina da shi, na kuma gane cewa gaskiyar ma ba za ta fisshe ni kunya ba. Makulli ya faɗi daga hannuna, na sunkuya na ɗauka, na yi ta lalube kamar ba ƙofata ba.

Na tura ƙofa. Ga karen da na ce na bayar, kwance ɗai-ɗai a kan zanin matata, dab da inda nake ajiye dardumata. Ga waya a kan kujera. Iliya ya ja da baya yana tattare riga. Liman ya buɗe baki zai yi magana, sai saƙo na gaba ya shigo, tar da shi:

"In ka bi ta PK8 ka gaishe mini da Baba. Ka ce masa ina nan zuwa ranar Lahadi."

Surukina ya dafa bango. Sannu a hankali ya sulale ya zauna a dokin ƙofa, da farar rigarsa ta Juma'a, a wurin da kare yake takawa. Na kai hannu zan kashe, ya ɗaga mini yatsa.

"Bar ta," ya ce. "Mayar mini da wannan."

Na mayar. Ya saurara, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar ɗaki, ƙato da ni, ina kuka da majina a gaban maƙwabta, Biju yana kaɗa wa liman wutsiya.

Da ya natsu sai ya ce, "Ɗana, kare ba ya kwana inda ake salla, ka fi ni sani. Amma wurin katakona yana son mai gadi. Kawo shi."

Haka Biju ya koma PK8. Can akwai mutane wuni guda, masu lodi da masu saye, bai ƙara kukan kaɗaici ba. Maman ta huta, liman ya ba ni haƙuri, Iliya har yau in ya hango ni sai ya sauya hanya. Ni ne dai nake buɗe kwaɗo da yamma ba abin da zai tarye ni, kuma wannan ya yi mini ciwo fiye da kunyar.

Duk Lahadi ina zuwa PK8, wai duba kare. Baba yakan sallami ma'aikata, mu zauna a kan katako, ya ce, "Sa mana." Mu uku muke saurare.

Abin da na koya, na farko, in za ka bar wa kwikwiyo murya a ɗaki, ka rage ƙara, ka kuma gaya wa liman tun da wuri. Na biyu, na daina ce masa "wannan abin". Ciwo ɗaya ne ya kama mu, shi ya yi ta faɗa da ƙarfi har aka nema masa mutane, ni kuwa duk wanda ya tambaye ni sai in ce lafiya lau.