Dodon Da Ladidi Ta Bayar Gyara

"Wa ya taɓa mini waya?"

"Sannu da zuwa, maigida. Gaisuwar ke nan?"

"Ina wuni. Wa ya taɓa mini waya?"

"Lahiya lau. Aljanun ruwa ne."

A rumfar tsohuwa Ladidi ake wannan, inda take bandar kifi a bakin ruwan Yelwa. Jikanta Rabi'u ɗan kabu-kabu nan yake barin wayarsa a caji. Wata uku ke nan yana wani wasa a ciki: labarin masuncin da Sarkin Kadoji ya ƙwace wa gari. Duk inda masuncin ya isa da kati ake faɗa, kowane kati da ƙarfinsa. Saura karo ɗaya, da Sarkin Kadojin kansa, kuma wanda ya faɗi a nan sai ya koma farkon labari. Yau ya duba, babban katinsa, dodo mai aman wuta, babu shi.

"Tsohuwa mai ƙarnin tarwaɗa, ga man kifi nan a gilashin! Ina dodona?"

"Au, mummunan nan? Na ba da shi."

"Kin mi?"

"Wata dattijuwa na iske cikin labarin, tana son ƙananan kati biyu ta ba da na magani. Kullum ina ganin yadda kake ja da yatsa, sai na ja mata. Ta karɓa, ta tsaya tana kallona."

"Zane ne! Haka aka yi ta, kowa take kallo!"

"Shekara arba'in ina saida kihi, ban taɓa sallamar mutum ba gyara. A wayarka za a fara jin kaina?"

"Shi ne duk katin duniya sai dodo?"

"Wa ka ga ya ba da mai kyau gyara? Na duba tarin, shi ya fi muni. Hancinsa ma irin naka."

"Na sake ki, saki uku!"

"Ka fara biyan sadakin tukuna, ango mai hular kwano."

Rabi'u ya zauna kan turmi ya shiga karon a haka. Kati biyu ya jefa, kadan ya lamushe rabin ran masuncin.

"Wai kai jikan masunta ne? Wa ke tarar kada gaba da gaba? Kawo nan."

"Ke da ba ki san A ba?"

"Shi kadan ya yi boko?"

Ta goge hannu a zane ta fizge wayar. Ta jefa katin kwaɗo, wanda Rabi'u bai taɓa kulawa ba. Kada ya buɗe baki ya bi kwaɗo, ta aza masa katin taru, ta bi da mashi. Ran kadan ya zube saura kaɗan.

"Inna lillahi! Ƙara masa!"

Sai ga wata mai saye ta yi sallama a bakin rumfa. Ladidi ta kife wayar a faifai ta miƙe.

"Ina za ki? Yana warware tarun!"

"Sakakkiya ba ta aikin gidan miji. Ga kihina na ƙuna, ga baƙuwa."

Rabi'u ya fashe da dariya, ya tuɓe hular kwano ya durƙusa gaban murhu, hayaƙi na shiga masa ido.

"Na mai da ke ɗakinki, uwargida ran gida. Ni zan juya kifin, ni zan sallami baƙuwa, har gyara zan ba ta. Don girman Allah zauna ki ƙarasa mini kadan nan."