Wa Ya Toshe Bakin Wayar Iya Hasiya?

"Lafiya lau, amarya. Amma na ga kin ƙara tsufa tsakanin jiya da yau."

"Ungo naka! Zauna nan, mijin ta ce. An kai ka ƙasar sanyi karatu, ka dawo wayar matarka ta zama bebiya."

Abdulhadi ya zauna a gefen tabarmar kakarsa Hasiya, a gidansu na Dangora. Tun da idonta ya yi rauni ya saka mata manhajar da ke karanta saƙo da baki, ta kulle ɗaki ta saurara ita kaɗai. Kwanan nan manhajar ta yi gum. Ƙanwarta Balaraba ta Burumburum kuwa sai dai ta aiko da rubutu, dole a kira wata a gidan ta karanta, kafin azahar unguwa ta gama ji.

"Kai ni wurin mai abin nan in wanke shi tas."

"Ba ta da mai ita, Iya. Aikin gayya ce, mutane daga ƙasashe barkatai kowa da ɓangaren da yake kula da shi. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya."

"To in gishiri ya yi yawa, hannun wa za a kama?"

Nan ta taɓo inda yake masa daɗi. Ya buɗe kwamfuta yana gyara zama. Abin da ya yi wata da watanni yana haɗawa ke nan: ɗan shirin kwamfuta da ke bin tarihin aikin manhajar, ya ga wa ya fi aiki a ɓangaren da ya lalace, wa ya taɓa shi na ƙarshe, ya kai masa ƙorafi kai tsaye.

"Kamar yadda kike bin sawun akuyar da ta ci miki rama," in ji shi. "Nawa dai ba ya kama akuyar maƙwabta bisa zalunci."

"Ni ban taɓa kuskuren akuya ba, tun kana cikin tsumma. Rubuta!"

"Ina ji, ranki ya daɗe."

"Ka ce masa: kai mai hannun ɓarna, ka tona asirin tsohuwa. Allah ya haɗa ka da matar da ba ta iya tuwo ba."

"Iya, wataƙila fa wani dattijo ne a bayan duniya."

"Dattijon arziki ba ya toshe bakin waya. Tura!"

Ya ƙara bayanin matsalar a ƙasa, ya danna ba tare da ya tsaya duba sunan ba, don ya amince da aikinsa. Sai aljihunsa ya ce ƙil!

Ya ciro wayarsa ya dubi allon. Ya sake duba. Sai ya tuna ɗan gyaran da ya yi wa muryar Hausa cikin gaggawa, ana gobe zai taso gida.

Idon Iya Hasiya ne ya yi rauni, kunnenta garau yake.

"Wayar wa ta yi kuka?"

"Talla ce."

"Talla? Ruwa ba ya tsami banza. Karanta min tallar, ai ni ma kowa karanta min tawa yake yi."

Ya yi gyaran murya. "Kai mai hannun ɓarna..."

"Da ƙarfi, dattijon bayan duniya!"

"...Allah ya haɗa ka da matar da ba ta iya tuwo ba. To wannan addu'ar ai ta daɗe da karɓuwa, ga ki nan zaune."

Ta tuntsire da dariya har ɗankwalinta ya zame. "Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa! Gaskiya abin naka yana aiki, ban raina ba."

"Na miƙa wuya. Kawo wayar."

Ta miƙa masa, ta tura masa kwanon soyayyen kifin Tiga da ƙafa.

"Ci ka yi ƙarfi. In ta buɗe baki kuma ka fice min daga ɗaki. Balaraba ta ce maganar da ta aiko a kanka ce."