Bututun Tanimu da Walimar Hajiya Turai

Tanimu Mai Gas, duk Jos ba wanda ya kai shi cika baki. In ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya koya wa gas tafiya. Ba ya awo, ba ya lissafi. Kallo ɗaya yake wa gida ya faɗi kaurin bututu.

Hajiya Turai ta kira shi sabon gidanta. Babbar tukunyar gas na can bayan gida, za a jawo bututu zuwa murhu mai kai huɗu, da oben, da hitar ruwan wanka a saman bene.

Ta ce, "Malam Tanimu, wani ya ce nisan nan sai mai kauri, tunda abubuwan da yawa."

Ya ce, "Hajiya, wancan littafi ya karanta. Ni gas ɗin ya san ni."

Ya ja siririn bututu, rabin inci, tun daga baya har sama. Ya kunna murhu, wuta bal! Ya kashe. Ya kunna oben, ya kashe. Ya kunna hita, ruwa ya yi zafi, ya kashe. Ɗaya bayan ɗaya fa, bai taɓa haɗa su ba. Ya karkaɗe hannu ya tafi.

Ranar walimar shiga gida, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Tanimu ya zo da babbar riga, yana nuna wa baƙi aikinsa. Mata sun ɗora tukwane huɗu, kaji na oben, baƙi ɗari na jiran abinci da azahar. Sai surukin Hajiya, Baba Ɗanliti, tsoho mai shekara tamanin, ya hau sama wanka.

Yana buɗe famfo, wutar murhu ta yi tsit, ta koma kamar ta ashana. Oben ya ce fut. Daga sama aka ji salati, ruwa ya koma ƙanƙara.

Tanimu ya ce, "Gas ne ya ƙare."

Hajiya ta ce, "Jiya aka cika."

"To iska ce."

"A cikin bututun?"

Ta kashe murhu, salatin sama ya tsaya. Ta kunna, ya dawo. Ta dube shi, ba ko murmushi.

Ta ce, "Tunda gas ɗin ya san ka, zo ka raba musu shi."

Haka aka tsayar da Tanimu a ƙasan matakala, gaban baƙin da ya gama yi wa bayani, yana shela: "A kashe miya, Baba zai ɗauraye kai! To Baba dakata, a kunna kaji!" Ni dai ina cikin baƙin, na ji tausayinsa, amma ban tashi daga wurin ba.

Can sai muryar tsohon ta sauko, a natse, kowa na ji:

"Injiniya, in wanke ɗayar ƙafar, ko shinkafa ba ta nuna ba?"