Bizar Alhaji Bonjur

Ni da Alhaji Harouna sau ɗaya muka taɓa yin faɗa, ranar da ya ce in janye kaskon ƙosaina daga ƙofar gidansa a unguwar Treichville ta Abidjan, wai hayaƙi yana kashe masa turaren Faris. Na janye. Wace ce ni, Zinariya, da zan ja da mutumin da ake yi wa sallama ya amsa da "bonjur"?

Mutum ne babba, Allah ya sani. Rumfunan atamfarsa a kasuwar Adjamé sun cinye rabin layi. Faransanci kuwa ya iya bonjur, ya iya marsi, sauran yana bar wa yara don kada ya fi su da yawa.

Bara sai aka ga Alhaji ya daina zama. A kasuwa a tsaye, a wajen biki a tsaye. Ya ajiye motarsa ya koma shiga jirgin ruwa, yana riƙe da ƙarfe yana kallon nesa. "Iskar ruwa nake sha," in ji shi. "Haka manya suke yi a Turai." Basir ne. Matan gidansa sun sani, saboda haka unguwa ta sani, amma shi ya sanar cewa ciwon manya ne ya kama shi, irin wanda likitocin Abidjan ba su kai su taɓa ba. Sai Faris.

Tun kafin a ba shi biza ya yi ban kwana. Ya bi gida-gida yana neman gafara, ya yanka rago, ya karɓi saƙon kilishi da yaji na 'ya'yan mutane da ke can.

Ranar ganawa a ofishin biza ya sa babbar riga uku, ya rina gemu. Ya ɗauki Faruk, mijin 'yarsa, ya yi masa tafinta, don yaron ya ga yadda ake girmama surukinsa.

Ma'aikaciyar yarinya ce, sa'ar 'yar autarsa. Ta nuna masa kujera, ya ce ya gode, shi soja ne a zuciya. Ta duba takardar likita, ta ce ya faɗa da bakinsa abin da ke damunsa. Faruk ya fassara, ya sunkuyar da kai yana jira.

To, wane ɗan Bahaushe ne zai ambaci wannan wuri a gaban mijin 'yarsa?

"Gaya mata da sauƙi," in ji Alhaji. "Alhamdu lillahi, jiki garau. Likitan ne mai zuzutawa. Gajiyar dukiya ce kawai. Ni da nake hawa bene ba na haki?" Har ya taka ya je bango ya dawo, ƙirji a gaba, don ta gani da idonta.

Ta gani. Ta taya shi murnar samun lafiya, aka dawo masa da fasfo fari tas.

A unguwa ya ce shi ne ya fasa, sanyi ya yi yawa a can bana. Masu kilishi suka zo suka karɓi abinsu, wanda bai riga ya ci ba.

Jiya ya biyo ta gaban kaskona yana tafiya kamar mai tsallake kwata, ya ce zai sake nema, wannan karon ya shirya jawabi.

Na ce, "Alhaji, bar jawabin a gida, ka bar Faruk ma. In yarinyar ta nuna maka kujera, ka daure ka zauna da ƙarfi. Fuskarka ta fi ka jin Faransanci."