Ƙashin Da Na Tono A Kuru

A shekarata ta farko ta koyarwa a sashen nazarin duwatsu na jami'a a Jos, na tsinci wani ƙaton ƙashi a tsohon ramin kuza kusa da Kuru. Nan take na yanke hukunci cewa na dabbar zamanin da ne. Har takarda mai shafi shida na rubuta a kansa.

Farfesanmu, gwanin ƙasusuwan da suka zama dutse, ya tara malamai domin in yi bayani. Da na ga yana jujjuya ƙashin, sai na tuna cewa ko tabbatar da ni a aiki ba a yi ba.

Ya kira masinjanmu, tsohon mahauci ɗan unguwar Gangare, ya ce, "Baba, duba mana."

"Ranka ya daɗe, ƙafar saniya ce. Ga ma saran gatari. Ba ta wuce Sallar bara ba."

Ba a kore ni ba. Amma har yau, duk walimar da na je, sai wani ya tsamo ƙashi daga miya ya ce, "Dakta, wannan shekara miliyan nawa?"