Yadda Ƙafar Mota ta Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, ko da kuwa na so in manta, don surukata ba za ta bar ni ba.

Maigidana, Baban Amira, yana da wata tsohuwar mota da ta girmi aurenmu. Wata rana ya tafi Miga ya bar makulli a kan firji. Ni kuma na daɗe ina sha'awar tuƙi, sai na kira maƙwabciyata da ta iya, muka fita da motar filin bayan unguwa. Ban yi zagaye biyu ba na zurma tayar gaba cikin kwata. Da ƙyar wasu masu wucewa suka ciro mana ita. Muka wanke taɓon, na mayar da makulli inda na same shi.

Tun daga ranar, duk ramin da muka taka sai in ji ƙwas! ƙwas! daga gaba. Mako uku ina istigifari a kan sallaya, amma na kasa buɗe baki in faɗa masa. Mutumin da ko kuɗin cefane bai taɓa tambayata lissafi ba, in ce masa na saci motarsa na karya?

Ranar Asabar ɗin za mu garin Guri suna, da mu da mahaifiyarsa, Inna. Ya ce ruwa ya ɓata hanya, sai mun fara biyawa ta wajen Malam Bukar mai gyaran ƙafar mota. Muna isa na yunƙura zan fita, Malam Bukar ya ce, "A'a Hajiya, ku zauna. Sai da nauyi take faɗin gaskiya."

(Ni dai kalmar gaskiya kawai na ji, na koma na lafe a kujera.)

Ya karɓi sitiyari, Baban Amira ya koma gefensa, ni da Inna muna baya. Maimakon ya bi kwalta, sai ya sauka wata hanyar ƙasa da ta bi gaɓar kogi. Kogin kuwa ya cika maƙil, ruwa ja yana gudu, har ya shanye gindin ciyawar kachala. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, haka masu wannan sana'a suke neman ciwon mota: ramin da kowa ke kaucewa, su shi suke nema. Babu wanda ya ga ya dace ya yi min bayani.

Ya faɗa rami na farko. Ya faɗa na biyu da gangan. Ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya fitar da kansa ta taga, ya lumshe ido. Direba, a bakin ruwa, ido a rufe! Sai motar ta yi wata ƙara kamar an karya ƙashi, hancinta ya karkata wajen kogi. Na ga ruwan a saitin fuskata. Na tuna 'yata Amira da na bari gidan maƙwabta ko kitso ban ƙarasa mata ba. Na ce shi ke nan, ƙarfen da na karya ne ya cire, zan kashe mutum uku, kuma in je gaban Allah da haƙƙin miji a wuyana.

Na yi kalmar shahada da ƙarfi, na damƙo kafaɗar maigidana.

"Baban Amira, ka yafe min! Ni na karya ta! Ranar da ka je Miga na ɗauke ta na jefa ta kwata!"

Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma wanda ya ga mutuwa so yake ya sauke kayansa duka. Na juya na riƙe hannun surukata ina kuka.

"Inna, ke ma ki yafe min. Daddawar da kike aiko min duk wata, ban taɓa sa ta a miya ba. Rabarwa nake yi."

Motar ta tsaya. Lafiya lau, nesa da ruwa, har akwai awaki suna kiwo tsakaninmu da shi. Malam Bukar ya waiwayo ransa a ɓace.

"Haba Hajiya, saura kaɗan in kama inda take kukan, kin cika min kunne. Yanzu sai mun sake."

Muka sake. Wannan karon ya kama inda take kukan.

A gareji ya ɗaga motar da jak, ya kama taya da hannu biyu ya girgiza, ta yi lako-lako. Ya kwance wani ƙarfe mai dunƙulen kai, ya nuna mana robarsa duk ta zagwanye, tsatsa ta ci ƙarfen.

"Wannan tun bara na ce maigidanki ya canza, ya ce sai an yi girbi. Kwata ba ta cin roba, Hajiya. Tsufa ne."

Inna ta gyara mayafi, ba ta ko kalle ni ba. "Shekara shida," ta ce, "ina yabon miyarki, ina cewa daddawata ce."

Aka sa sabon ƙarfe muka kama hanya, babu sauran ƙwas-ƙwas. Sai da muka kusa Guri Baban Amira ya dube ni ta madubi.

"Motar na yafe, ba ki yi mata komai ba. Amma mako uku kina zuba min shayi kina kallon idona?"

Wallahi na fi son a mayar da ni bakin kogin. Na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa, ya gyaɗa kai, amma sai da aka yi kwanaki kafin ya koma yi min hira kamar da.

Abin da na koya shi ne, laifi a ranar da aka yi shi ake faɗarsa, a tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa. In kuwa mutum ya bari sai ya ga mutuwa, to ya fara tambayar direba ko da gaske mutuwar ce.